Ku Karanta Zanen da Hausa Kafin Ku Rubuta Shi da Turanci

A cikin jarrabawar IELTS, wadda matasanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango ke zama domin neman gurbin karatu ko aikin jinya a ƙasashen waje, akwai aiki guda da ake rainawa, alhali yana kayar da mutane. A sashen rubutu na masu neman ilimi mai zurfi, aikin farko shi ne a ajiye wa ɗalibi zane, sau da yawa zanen ƙididdiga mai layi, a ce ya bayyana abin da ke cikinsa da kalmomin da ba su gaza 150 ba, cikin kimanin minti 20. Ra'ayina shi ne, yawancin waɗanda ke tuntuɓe a nan suna da isasshen Turanci. Abin da ke ba su ruwa shi ne fara rubutu tun ba su fahimci zanen ba. Maganin da nake bayarwa kuwa yana cikin bakinsu: su faɗi labarin zanen da Hausa, a jimla ɗaya ko biyu, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Maganar ba ta wasa ba ce. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, wato NMC, tana neman maki 7 a karatu da sauraro da magana, da kuma 6.5 a rubutu. A shekarar 2022 kaɗai, ma'aikatan jinya fiye da 1,200 daga Ghana suka shiga wannan rajista. Ko muna murna da wannan ƙaura ko muna kuka da giɓin da take bari a asibitocinmu, gaskiyar ita ce duk wadda ta zauna jarrabawar ta biya kuɗi masu nauyi, wani lokaci na adashi, wani lokaci na karo-karon dangi. Aiki na biyu, wato rubutun muhawara, ya ninka na farko a wajen lissafin maki, shi ya sa ɗalibai ke mayar da hankali a kansa. Amma wanda yake tsakanin 6 da 6.5, rabin maki ne ya raba shi da burinsa, kuma wannan rabin yana iya zubewa a cikin minti 20 ɗin farko.

Yadda aka saba shirya wa wannan aiki shi ne hadda. Ana ba ɗalibi jerin kalmomin Turanci: goma na tashi, goma na faɗuwa, biyar na tsayawa wuri ɗaya. Ya haddace su kamar karatun allo, ya shiga ɗakin jarrabawa yana neman inda zai sauke kayansa. Sai ka ga layin da ya ɗan ɗaga kai an ce ya yi tsalle zuwa sama, wanda ya ɗan sunkuya an ce ya rushe. Kayan aro ba ya rufe katara. Masu duba takarda suna auna abu huɗu ne, kowanne da nauyi ɗaya: cika aikin da aka sa, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi tare da dacewarsu, sai nahawu. A ma'auni na farko, wanda ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana jera su ba tare da taƙaitaccen bayanin yadda al'amarin ya kasance gaba ɗaya ba, matsayinsa yana wajen maki 5 ne. Ba a kaiwa 7 sai da wannan taƙaitaccen bayani a fili. Hadda ba ta samar da shi, sai fahimta.

A nan ne nake ganin ɗan Zango yana da jarin da bai san yana da shi ba. Zangon Kumasi fatauci ne ya kafa shi. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja suna sayen goro a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya watsa wannan kasuwa a 1892 kuma da yawa suka gangaro kudu. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan farashin huhun goro ba za su rasa kalmomin hawa da sauka ba. Ku saurari mai sayar da hatsi a Kejetia, ko dillalin shanu, in ana hirar kasuwa. Zai ce kaya sun yi tashin gwauron zabi, ko suna hawa a hankali. Zai ce kasuwa ta tsaya cik, ko tana kwan-gaba-kwan-baya, ko ta faɗi warwas, ko ta fara farfaɗowa. Ba ya haɗa ɗaya da ɗaya, domin kuskure a nan asara ce. In kuma ka tambaye shi yadda shekara ta kasance, ba zai karanta maka farashin kowane mako ba. Cewa zai yi: an fara da sauƙi, ta hau da azumi, ta sauko bayan girbi, amma ba ta koma inda ta fito ba. Wannan shi ne ainihin taƙaitaccen bayanin da mai duba takarda yake nema. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bari mu gwada da lambobin ƙasarmu. Ma'aunin hauhawar farashi a Ghana ya kasance kashi 12.6 cikin ɗari a Disambar 2021, ya kai 54.1 a Disambar 2022, ya sauko 23.2 a Disambar 2023, sannan ya tsaya a 23.8 a Disambar 2024. In aka ja layi a kan waɗannan, da Hausa za mu ce: ya yi tashin gwauron zabi cikin shekara guda, ya kai ƙololuwa, ya sauko da fiye da rabi, sannan ya kusan tsayawa cik, amma a matsayin da ya kusan ninka inda ya faro. An gama rabin aiki ke nan. Sai dai akwai tarko. Ɗalibi mai gaggawa zai ga layi ya sauka ya rubuta cewa kaya sun yi araha a 2023. Duk mai sayen koko da ƙosai da safe ya san ba haka aka yi ba. Abin da ya ragu shi ne saurin hawan farashi, farashin kansa bai daina hawa ba. Wanda ya fara tambayar kansa da Hausa, "Wai me layin nan yake aunawa?" zai tsallake wannan rami. Wanda ya fara da laluben kalmar Turanci mai ƙawa, a ciki zai faɗa.

Misali na biyu shi ne ƙidayar jama'a. Ghana tana da mutum miliyan 6.7 a 1960, miliyan 8.6 a 1970, miliyan 12.3 a 1984, miliyan 18.9 a 2000, miliyan 24.7 a 2010, da miliyan 30.8 a 2021. Labarin gaba ɗaya mai sauƙi ne: hawa ba sauka, har adadin ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekara 61. Amma a dubi layin kwance, inda aka jera shekaru. Daga 1984 zuwa 2000 an sami ƙarin miliyan 6.6, daga 2000 zuwa 2010 kuma miliyan 5.8. A kallon farko sai a ce haɓakar ta yi sanyi. To amma tazarar farko shekara 16 ce, ta biyu shekara 10. In aka raba, ƙarin kowace shekara ya tashi ne daga kimanin mutum dubu 410 zuwa kimanin dubu 580. Babu jerin kalmomin da zai nuna wa ɗalibi wannan. Nutsuwa ce kawai, irin ta ɗan kasuwar da ke tambaya, "Cikin kwana nawa aka ci wannan riba?"

In zanen yana da layi biyu ko fiye, abin nema na farko shi ne inda suka haɗu suka wuce juna. Mazauna birane a Ghana kashi 43.8 cikin ɗari ne a 2000, suka zama 50.9 a 2010, suka kai 56.7 a 2021. Wato a tsakanin 2000 da 2010 ne layin birni ya tsere wa na karkara. Wanda ya bayyana kowane layi shi kaɗai, bai faɗi wannan ba, ya bar nama ya ɗauki ƙashi, domin umarnin jarrabawar ya ce a kwatanta inda kwatanci ya dace.

Na san abin da wasu abokan aikina malamai za su ce. A wajensu, ɗalibin da ke tunani da harshen gida zai jawo ginin jimlar Hausa cikin Turancinsa, saboda haka gara a tilasta masa tunani da Turanci tun daga fari. Akwai gaskiya a cikin wannan tsoro, kuma zan nuna wurare biyu da yake tabbata. Na ɗaya, lokaci. Bahaushe yakan ce "a 1984 jama'a suna ƙaruwa", ya bar shekarar ta nuna cewa zancen ya wuce, aikatau bai sake kama ba. Turanci ba ya yarda da haka: zanen da ya ƙare a shekarun baya yana buƙatar sigar abin da ya shige daga farko har ƙarshe, in kuma ya zarce zuwa shekarun gaba sai a koma sigar hasashe. Na biyu, son bayar da dalili. A majalisar hira ba a ambaton tsadar 2022 sai an kawo faɗuwar sidi, da bashin ƙasa, da yarjejeniyar dala biliyan 3 da Asusun Lamuni na Duniya ya amince da ita a Mayun 2023. Duk gaskiya ne, amma ba ya cikin zanen, kuma wannan aiki ba ya neman dalili ko ra'ayi. Abin da ido ya gani a takarda kaɗai ake so.

Amsata ita ce, ban ce a fassara ba. Fassara ita ce a rubuta jimla da Hausa a bi ta kalma-kalma ana juyawa, wannan kuwa hanyar ɓata ce. Abin da nake kira gare shi shi ne a yanke hukunci da harshen da hankali ya fi sakewa a cikinsa, sannan a rufe wannan ƙofa a buɗe ta Turanci. Wani lokaci ma Hausar ce ke warware matsalar. Ɗalibai da yawa suna rikita ƙananan kalmomin nan biyu, "by" da "to", alhali babu ɗan Zangon da zai rikita "ya ƙaru da sidi biyar" da "ya ƙaru zuwa sidi biyar". Bambancin ɗaya ne. Wanda aka nuna masa haka sau ɗaya ba ya sake mantawa. Yaron da ya tashi yana sauya harshe tsakanin Hausa a gida, da Twi a kasuwa, da Turanci a aji, ya riga ya ƙware wajen raba ma'ana da rigar da take sanye da ita. Kuskure ne a ce masa ya ajiye wannan baiwa a bakin ƙofa.

Ga yadda nake ba da shawarar a kasa minti 20 ɗin. Minti 3 na farko a ajiye alƙalami. A karanta kan zanen, a duba abin da layin tsaye ke aunawa, ko mutane ne, ko kuɗi, ko kashi cikin ɗari, a duba tazarar shekaru a layin kwance. Sannan a amsa tambaya huɗu a zuci da Hausa: daga ina aka faro, ina aka ƙare, ina ne mafi tsawo da mafi ƙasa, wa ya wuce wa kuma yaushe? Minti 14 na rubutu ne, a sakin layi huɗu: gabatar da zanen da kalmomin kai, taƙaitaccen bayani ba tare da cunkoson lambobi ba, sai sakin layi biyu na dalla-dalla da zaɓaɓɓun lambobi. Minti 3 na ƙarshe a koma kan sigar lokaci da ƙananan kalmomi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi kowane wata, jaridu kuma suna buga su. Ku ɗauki zane ɗaya a mako, ku bayyana shi da Hausa ga wata babba a gida wadda ta san kasuwa. In ta gane har ta yi muku gyara, to kun fahimci zanen, sai ku zauna ku rubuta. In kuwa ta ce ba ta ji abin da kuke nufi ba, mai duba takardar ma ba zai ji ba, komai yawan kalmomin da kuka haddace.