A Tambayi Mai Girki Kafin A Gina Madafa

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan madafa, watau abin da yaran zamani ke kira kicin. Na san da an ga kan maganar za a yi dariya a ɗakunan kwana, a ce wane ya bar nazarin koyarwa ya koma shiga sha'anin mata. To, ku yi dariyarku, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Kowannenmu da tuwon madafa ya girma, kuma ba a daɗe ba kowa zai yi nasa gida.

A hutun rani da ya wuce na tafi gida Chaza, a ƙasar Suleja, na tarar Baba ya tara bulo da yashi da siminti zai gyara gida. Ya kira magini, suka zauna a zaure tun daga la'asar har magariba suna shawara. Aka yi maganar falo, aka yi ta ɗakin baƙi, aka yi ta shagon haya a bakin hanya. Da aka zo kan madafa sai magini ya ce, “Wannan ai mai sauƙi ne. In an gama sauran, lungun da ya rage sai a yi ta a ciki.” Ya fito da wayarsa ya nuna wani hoto na kicin irin na Turawa, da tayil fari fat, da kanta doguwa. Kowa ya ce madalla. Inna kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin duk abin da a ke faɗi, ba wanda ya kira ta. Ita ce fa ta yi shekara kusan talatin tana hura wuta a gidan nan.

Abin da ya sa hankalina ya tashi, na riga na ga irin wannan a gidan Goggo, ƙanwar Baba. Mijinta ya kashe kuɗi masu yawa ya yi mata kicin irin na hoton nan, da taga guda ƙarama can kusa da rufi. Yau in ka shiga ciki buhunan masara za ka tarar da tsohon keke. Girki kuwa a waje a ke yinsa, ƙarƙashin fallen kwano biyu da aka ɗora a kan sanduna, ruwa na dukanta da damina. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Ɗana, tuwon mutum goma sha biyu a ke tuƙawa a tsaye a kan kanta? Tukunyar ma wa zai ɗaga ta can sama?” Kuɗi sun tafi, wahala kuwa tana nan inda ta ke.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: duk wanda zai gina madafa ko zai gyara tsohuwa, kada ya sa bulo ko ɗaya sai ya tambayi wadda za ta yi girki a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne. Su Turawan da mu ke kwaikwayon hotunansu ba da ka suka yi nasu ba. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, sunanta Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Farankfot a Jamus wata 'yar madafa, faɗinta bai cika mita 2 ba, tsawonta wajen mita 3 da rabi. Kafin ta zana sai da ta yi nazarin yadda mai girki ke kai da komo, da lokacin da kowane aiki ke ci, ta kuma duba yadda a ke shirya ɗakin dafa abinci a cikin jirgin ƙasa inda wuri ya ke da ƙunci. An gina irinta wajen 10,000. Daga baya, a cikin shekarun 1940, masana a Amurka suka fito da wata ƙa'ida, cewa murhu da wurin wanke-wanke da firij su zauna kamar kusurwoyin alwatika, kada su yi nisa da juna, kada kuma hanyar wucewar mutane ta ratsa tsakaninsu. Kun ga ke nan aikin suka fara dubawa, sa'an nan suka yi zane. Amma aikin matansu suka duba, da irin abincinsu, da irin tukwanensu. Mu kuwa sai mu ɗauko zanen mu bar dabarar.

Ko a nan garinmu akwai abin koyi. Tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birni a 1976, wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane. Ya zo da na'urar juya yumɓu da murhun gasawa irin nasu. Amma da ya ga tukwanen wata mata 'yar Kwali a gidan Sarki Sulaimanu Barau, sai ya gane akwai gwaninta a hannunta wadda ba a koya a Ingila. Ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, wadda kuma hotonta ke jikin takardar naira 20. In har baƙo ya girmama sanin mace a kan aikin hannunta, mu mene ne namu da za mu raina sanin iyayenmu mata a kan murhunsu?

Da dare na sami Baba na durƙusa na ce, “Baba, in ka yarda ina da 'yar magana.” Da ya ji, sai ya yi murmushi ya ce, “Kai ɗan makaranta, yaushe ka zama magini?” Amma ya ba ni kwana biyu kafin a haƙa harsashi. Kashegari na zauna a kan turmi da littafi da fensir, tun daga kunun safe har tuwon dare, ina rubuta duk inda Inna ta taka. A makarantar Mishan da na yi an koya mana zana taswirar aji da awo, ban taɓa tsammanin zai yi mini amfani a tsakar gidanmu ba. Na ga randa tana wannan bango, murhu yana wancan, itace yana bayan ɗaki, hatsi kuma yana ƙuryar ɗakinta. Sau ashirin da wani abu ta ratsa tsakar gida a yini ɗaya, yawanci da kaya a hannu. Da yamma muka ɗauki kara muka zana madafar a ƙasa, ita tana faɗi ina zanawa, tana share inda bai yi mata ba da ƙafa. Ga abin da na koya, na kuma haɗa da abin da na karanta.

Na fari, hayaƙi. Inna ta ce, “Ka fara da inda hayaƙi zai fita, sauran duk mai sauƙi ne.” Idanunta kullum ja, tari kuwa ba ya barinta da hunturu, mu kuma mun ɗauka haka Allah ya yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi da kananzir ta ke, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ku tuna jariri a bayan uwarsa ya ke sa'ad da ta ke hura wuta. Hayaƙi mai zafi sama ya ke yi, saboda haka yana bukatar kafa a sama inda zai fita, da wata a ƙasa ta ɗaya gefen inda sabuwar iska za ta shigo. Taga ɗaya ba ta isa ba. Gawayi kuma, ko da ya ke ba ya hayaƙi sosai, yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuwa kisa a rufaffen ɗaki.

Na biyu, ruwa. Randa ko famfo ya kasance taku biyu ko uku daga murhu, daɓe kuma a ɗan karkata shi wajen makwarari domin ruwan wanke-wanke ya fita, kada ya kwanta ya tara sauro. A duba kuma inda ƙofa za ta fuskanta. Magina na da sun san hadari daga gabas ya kan bugo da ruwa, ga shi kuwa damina a ƙasarmu tana kai wata shida ko fiye.

Na uku, tsayi. Kantar Turawa ƙafa uku ce daga ƙasa, ta yi daidai da yanka albasa da soya ƙwai a tsaye. Tuƙin tuwo kuwa aikin ƙarfi ne, sai an zauna a kujera 'yar tsugune, an riƙe muciya da hannu biyu, tukunya tana ƙasa ta kafu. Haka turmi, in ka ɗora shi a kan tayil, kafin mako ya zagayo taɓarya ta farfasa shi. Sai a bar masa daɓensa mai ƙarfi a gefe.

Na huɗu, ido. Wannan ban taɓa ganinsa a littafi ba. Inna ta ce tana so in tana gaban murhu ta riƙa hangen tsakar gida, domin ta ga yaro in ya nufi rijiya, ta kuma ji sallamar baƙo. Lungun da magini ya zaɓa bayan ɗakuna ya ke, wanda ke ciki ba ya ganin kowa.

Na biyar, ajiya. Hatsi da gari su sami ɗan sito mai ƙofa, a ɗaga su daga ƙasa, a rufe su cikin mazubi mai murfi. Ɓera ba ɓarna kaɗai ya ke yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta fitsari da kashin wani irin ɓera ya ke shiga abinci.

Yanzu bari in amsa wa masu ja da ni, domin na san suna nan. Wani zai ce, “Ai zamani ya canja, amaren yanzu gas su ke so, ba mai son baƙin tukunya.” Gaskiya ne, ni ma ba ina kiran a zauna a kan duwatsu uku har abada ba ne. Gas ya fi itace tsabta, ya fi shi sauƙi ga huhu, yana kuma rage saran itatuwa. Amma shi ma yana da nasa sharaɗi. Iskarsa ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa ta ke kwanciya, don haka dole a bar kafa kusa da daɓe, tukunyar kuma gara a yi mata keji a waje cikin inuwa, a shigo da tiyo ta bango. Sa'an nan wane gida ne gas bai taɓa ƙare masa a tsakiyar girki ba, ko kuɗinsa su gagara a ƙarshen wata? Ranar suna ko biki ko Kirsimati ko Salla kuwa, da babbar tukunya a ke aiki. Shi ya sa muka raba tamu biyu: ɗaki na ciki mai kanta da gas da sito, da rumfa mai rufi a jikinsa inda murhun itace da turmi su ke, ƙofa ɗaya ta haɗa su.

Wani kuma zai ce, “Wuri fa? Fili ya yi tsada.” Wannan ma gaskiya ne. Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, ma'aikata da yawa a Suleja su ke kwana, kowane taƙi na fili an mai da shi ɗakin haya. Amma ku shiga irin gidajen nan ku gani: mata biyar ko shida suna girki a siririn baranda, risho kusa da labule, yara na gittawa. Maigidan da ya iya gina ɗaki takwas ya karɓi haya, bai kamata ya ce ba shi da wurin madafa ba. Madafar Farankfot ɗin nan ma ai ba ta kai rabin falon wasunmu ba. Tsari ta ke so fiye da girma.

Na ƙarshe zai ce, “Ni na fid da kuɗina, ni ke da magana.” To, ka fid da kuɗi sau ɗaya, ita kuwa za ta shiga ɗakin nan sau uku a yini har tsufanta. Shawara ba ta rage girman maigida. Baba da ya zo ya tsaya a kan zanenmu, ya yi shiru, can sai ya ce wa Inna, “Ashe kina da magana haka ba ki faɗa ba?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Maigida, ai ba a tambaye ni ba.” Ya kira magini aka matsar da igiya. Shagon haya ya ragu da ƙafa huɗu, ba wanda ya mutu saboda wannan.

'Yan'uwana malaman gobe, ga roƙona gare ku. In kun tafi gwajin koyarwa kuka zo darasin awo, maimakon yara su yi ta auna allo da tebur, ku aike su gida kowa ya auno madafar uwarsa, ya zano ta a takarda, ya nuna inda murhu ya ke da randa da taga, ya kuma tambaye ta abin da za ta canja in da an ba ta dama. Maza da mata duk su yi. Za su koyi lissafi, za su koyi kiwon lafiya, za su kuma koyi sauraron iyayensu mata. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. In siminti ya bushe, gyara sai da guduma.

Allah ya sa mu gane, ya ba iyayenmu lada, amin.

Naku,
Ɗalibi ɗan Chaza, Aji na Biyu