Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Muhalli: A Shirya wa Malalar Mai Tun Kafin a Haƙa Rijiya

Mai girma Minista,

Ina rubuto maka daga birnin Sakkwato kan shirin tunkarar malalar ɗanyen mai. Muna nesa da teku, amma maganar ta shafe mu. Kuɗin man da ake haƙowa a can yana cikin kason da jiharmu ke karɓa duk wata. Tun 2017 kuma ake ta maganar binciken mai a yankin Sakkwato, sannan a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe.

Dokar 2006 ta kafa hukumar NOSDRA a ƙarƙashin ma'aikatarka, ta ɗora mata aiwatar da shirin ƙasa na gaggawa kan malalar mai. Dokar ta ce a kai rahoton malala cikin awa 24, wanda ya ƙi kuwa tararsa naira 500,000 ce a kowace rana. Wannan kuɗi ba ya razana kamfanin da ke cinikin miliyoyin daloli. Abin da ya fi damuwa shi ne, sau da yawa jami'an hukumar a jirgin kamfanin da ake tuhuma suke zuwa wurin da man ya zube, da kayan aikinsa kuma suke aunawa.

Mun ga sakamakon. A Disamban 2011 kimanin ganga 40,000 ta ɗanyen mai ta kwarara cikin teku daga filin Bonga na kamfanin Shell, masunta suka shafe shekaru suna zaryar kotu neman diyya. A Nuwamban 2021 wata rijiya a Nembe, jihar Bayelsa, ta yi fiye da wata guda tana aman mai kafin a toshe ta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran muhallinta zai ci shekara 25 zuwa 30.

Mai girma Minista, roƙona uku ne. Na farko, kada a ba kowane kamfani izinin haƙa, a teku ko a tudu, sai ya nuna a zahiri shingen tare mai, da jiragen kwashe shi, da ma'aikatan da aka horar, da inda zai samo kayan toshe rijiya, da kwanakin da isowarsu za ta ɗauka. Na biyu, a gyara dokar 2006, a ɗaga tarar, a ba NOSDRA jiragenta da ɗakin gwajinta. Na uku, a rubuta wa Arewa nata shirin. Abin da za mu rasa a nan shi ne Gulbin Rima, da madatsar Goronyo wadda Sakkwato ke sha daga gare ta, da fadamun shinkafa da albasa, da kifin Argungu. A auna tsabtar ruwan nan da na rijiyoyin ƙauyuka tun yanzu, a buga sakamakon da Hausa, a sa sarkin ruwa da hakimai cikin atisaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna son arzikin mai, amma muna roƙonka ka sa shirin ya riga injin haƙa isowa.

Wassalam,
Naka, wani mazaunin birnin Sakkwato.