Zuwa Ga Masu Sana'ar Fure: Furen Da Aka Yanko Da Sauran Ransa

'Yan'uwana masu sana'ar fure, na lambu da na shago da masu ƙawata wuraren biki,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ce guda da nake yawan ji a bakinmu, har ta kusa zama hadda: wai ɗanyen fure ba ya zama a ƙasarmu, zafi ya yi yawa, gara a yi da na roba. Da ita muke ba amarya haƙuri idan damin furenta ya langaɓe kafin a gama ɗaukar hoto, da ita kuma muke kare kanmu gaban mai otal idan furen teburinsa ya zube cikin kwana biyu. Zafi kam akwai shi, wanda ya yi watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba sai an ba shi labari ba. Amma na daɗe a sana'ar nan, kuma abin da idona ya gani shi ne, yawancin furen da muke ɗora wa rana alhakinsa, a hannunmu ya mutu.

Wata shekara da bazara na je taya wata ƙanwata a sana'a aikin biki. Farin wardi ne, wanda muke kira ros, kwali huɗu, ya iso da safe lafiya lau. Aka bar shi a but ɗin mota har azahar saboda ana fama da ɗaura labule. Da aka fito da shi aka tsoma a bokitin da aka gama goge ƙasa da shi, aka jera a bayan zauren kusa da janareta, don nan ne ke da inuwa. Kafin magariba kowane fure ya sunkuyar da kai. Yarinyar nan ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci matuƙa, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma uwar amarya amana ta ba ta. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce zafi ne. Ba wanda ya ambaci but ɗin mota, ko bokitin, ko hayaƙin.

Furen da aka yanko bai mutu ba. Yana numfashi, yana shan ruwa, yana cin ɗan sukarin da ya tara tun yana jikin uwarsa, yana ci gaba da buɗewa. An raba shi da saiwa ne kawai, ya zama matafiyi mai ƙayyadadden guzuri. Masana sun auna sun gano cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin numfashinsa sau biyu zuwa uku. Ke nan wardin da ya wuni a digiri 32 ya cinye a rana guda abin da zai kai shi sama da mako a digiri 2. Ku kuma tuna daga ina ya fito. Wanda ake kawowa daga gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya, ko daga Habasha, a tudu mai sanyi aka yanke shi, aka sa shi a ɗakin sanyi, ya hau jirgi cikin kwali ba ruwa. Kafin ya sauka a Legas ko Abuja ya biyo hanya zuwa shagonka, ya riga ya kwana da ƙishirwa. Na Jos ya fi kusa, kuma tudun Filato da ya kai kusan mita 1,200 ya ba shi sanyin da ya tashi a ciki, amma shi ma da zarar mota ta gangaro da shi ya shiga wata duniyar. Saboda haka sa'ar da kwali ya iso hannunka, ajiye labule, ajiye waya, fure ne aikin farko.

A cikin karan fure akwai jijiyoyi sirara, ba su kai kaurin gashi ba, ta nan ruwa ke hawa har kan furen. Abu biyu ke toshe su. Na farko iska: karan da ya jima a waje bakinsa yakan bushe ya zuƙi iska, ruwa ya kasa wucewa. Maganin wannan da sauƙi. Datse ƙasan karan kamar gaɓar yatsa ɗaya da kaifafar wuƙa, a karkace, ka tsoma shi a ruwa nan take, ba sai ka gama datse dami duka ba. Dakusasshen almakashi matse jijiyoyin yake yi, haka ma al'adar nan ta daddaka ƙasan kara da dutse wai don ya sha ruwa, raunata shi kawai take yi. Ka cire duk ganyen da zai nutse a ruwa. Ƙayar wardi kuma, in ba dole ba, a bar ta, domin kowane karce ƙofa ce aka buɗe wa ruɓa.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, ƙwayoyin cuta, kuma gidansu bokitinmu. Ruwa ba ya tsami banza. In ka shafa cikin bokiti ka ji santsi, ko ka ga ruwan ya yi fari-fari, ko ya fara tashi, to ƙwayoyin sun riga sun cika shi, kuma duk furen da ka tsoma su zai zuƙa su cushe masa jijiyoyi. Abin da ke sa wuyan wardi karyewa ke nan alhali karansa na tsaye cikin ruwa: ruwan na nan, hanya ce babu. Na shiga shaguna masu tayil da madubi da fitilu masu tsada, na leƙa bayan kanta na tarar da bokitan da ba a wanke ba tun ranar da aka saye su. A ware bokitan fure daban, a yi musu alama da fenti, kada su taɓa tsumman shara. Bayan kowane amfani a wanke da sabulu da ɗan bilic, irin su Hypo ko JIK, a ɗauraye, a kife su bushe. Na roba ya fi na ƙarfe, kuma wanda cikinsa ya kakkarce a mayar da shi wani aikin, don a cikin karcen ƙwayoyin ke ɓuya. In da za ku ɗauki abu guda a wasiƙar nan ku watsar da sauran, ina roƙonku ku ɗauki wankin bokiti.

Ƙunshin abincin fure da kamfanoni ke sayarwa ba wani asiri a cikinsa. Sukari ne don guzuri, da ɗan tsami don ruwa ya fi saurin hawa, da abin kashe ƙwayoyin cuta. In babu shi, a litar ruwa guda a zuba babban cokali biyu na ruwan lemon tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da kwatan ƙaramin cokali na bilic. A cikin ruwan ake zuba kowanne, kada a haɗa bilic da lemon tsami su kaɗai, suna tayar da iska mai guba. Kada kuma wani ya zuba sukari tsura ya ce ya ciyar da fure, ƙwayoyin cuta ya ciyar. Shi ma ruwan a dube shi. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na da gishiri ko kanwa-kanwa, kuma a garuruwan da za ka ga haƙoran yara na da tabon ruwan ƙasa, sau da yawa sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwa, shi kuwa yana ƙona bakin furen jabera da ganyen giladiyolas. Tsabtataccen ruwan sama ya fi musu.

Sai kuma maƙiyin da ido ba ya gani. Kowace mai sayar da ayaba ta san in ta sa nunanniya cikin ɗanyu ta rufe, sauran za su bi sahu. Abin da ke wannan aiki wata iska ce da ake kira etilin, wadda 'ya'yan itatuwa ke fitarwa yayin nuna. Ga ayaba nuna ce, ga fure tsufa ne. A shekarar 1901 wani matashin masani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano cewa wannan iska ce a cikin gas ɗin fitilun zamaninsa ke karkatar da tsiron waken fis da yake gwaji da shi. Ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya sa kaneshan ya naɗe ya rufe kamar mai barci, okid ya yanƙwane, jifsofila, ƙananan fararen nan da muke cike gibi da su, ya bushe a tsaye. To ku duba inda muke zaune. Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir na fitar da ita. Hayaƙin janareta da na mota da babur da taba duk suna ɗauke da ita. Kabaid ɗin da wasu ke nunar da kayan marmari da shi yana fitar da wata 'yar'uwarta mai irin aikinta. Hatta furen da ya tsufa a cikin dami yana hura wa na kusa da shi, shi ya sa ake tsince shi kullum. Wanda shagonsa ke bakin titi, maƙwabcinsa mai kayan marmari, janaretansa a bakin ƙofa, ya tara wa furensa komai a wuri guda. Tun ƙarshen shekarun 1970 manoman Holan ke shayar da irin waɗannan furanni wani sinadari na azurfa don kare su daga etilin, daga baya kuma Edward Sisler da Sylvia Blankenship na wata jami'a a jihar North Carolina ta Amurka suka fito da 1-MCP, wanda ke toshe wa fure hanyar jin etilin. Mai sayen kaneshan ko okid daga waje yana da haƙƙin tambayar dillalinsa ko an yi wa kayan wannan magani. Wanda kuma bai da halin gyara muhallinsa, ya karkata ga kirisantimam, wanda bai cika damuwa da etilin ba, kuma yakan kai mako biyu a ruwa mai tsabta.

Maganar sanyi tana da tarko. Wardi da kaneshan da kirisantimam suna son sanyin da ya kusa daskarewa amma bai kai ba, kamar digiri 1 zuwa 4. Furannin ƙasashen zafi kuwa, irin su anturiyam da helikoniya da yawancin okid, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 zuwa 12 baƙi suke yi, kamar an ƙona su. Waɗannan ɗaki mai sanyi-sanyi ya ishe su. Firij ɗin gida in za a yi amfani da shi a kwashe kayan marmari tukuna, kada kuma fure ya jingina da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa. Ga kuma halin wutarmu: a kawo, a ɗauke, fure ya yi sanyi ya yi gumi, raɓa ta kwanta a kansa cikin leda. Wannan danshin funfuna ke jira, ita ce ɗigon ruwan ƙasa da kuke gani a kan farin wardi. Don haka kada a yayyafa wa kan wardi ruwa sannan a ƙunshe shi.

Wanda bai da firij ma bai rasa dabara ba. Malam Mohammed Bah Abba, da ya koyar a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, hikimar da duk mai randa ya san tushenta. Ba za ta kai ka digiri 2 ba, amma randa a inuwa da jiƙaƙƙen buhun algarara kewaye da ita ta fi but ɗin mota nesa ba kusa ba, musamman lokacin da iska ta bushe. Hunturu kuma yana ruɗinmu: muna jin sanyi mu saki jiki, alhali busasshiyar iskarsa tana tsotse ruwan ganye kamar yadda take fasa mana leɓe. Haka fanka da esi in suna busa fure kai tsaye.

Ganyen ado shi ne marayan sana'armu, a ƙasa ake yar da shi har a gama da fure. Ɗanyen toho, komai kyansa, ba ya jimawa, a zaɓi ganyen da ya ƙosa ya yi kauri, na bishiyar turare ne ko na kuroton ko na dangin kwakwa. A nutsar da shi gaba ɗaya a ruwa na kamar sa'a guda kafin a yi aiki da shi. Masu farin ruwa irin na tumfafiya a ba su bokitinsu daban har ruwan ya daina zuba. Soson nan kore da muke kira owasis, wanda V. L. Smithers ya ƙirƙiro a Ohio a 1954, a ɗora shi kan ruwa a bar shi ya nutse da kansa. In ka danna shi da hannu wajensa zai jiƙe, tsakiyarsa a bushe, kuma can tsakiyar karan zai sauka. Karan da ka soka kada ka ɗan ja shi baya, ka bar masa rami ke nan ba ruwa.

Ku kuma 'yan'uwa na lambu, rabin kwanakin fure a wuƙarku yake. A yanka da sassafe lokacin da kara ke cike da ruwa, a tafi gona da bokiti, kada a tara a ƙasa sai an gama. Wardin da aka yanka da wuri ƙwarai ba zai buɗe ba, wuyansa ne zai karye. Giladiyolas a yanke shi idan furen ƙasa ɗaya ko biyu sun nuna launi, a kuma ɗauko shi a tsaye, domin in ya kwanta kansa zai lanƙwasa sama ya ƙi miƙewa.

Saura tsakaninmu da mai saye. Ina ganin bai halatta a fige ganyen wajen wardin da ya kwana shida a sayar da shi a matsayin na yau ba. A rubuta ranar isowa a jikin kowane bokiti, na farko ya fara fita, wanda ya tsufa a rage masa kuɗi a faɗi gaskiyarsa. A gaya wa mai saye ya sauya ruwa bayan kwana biyu, ya sake datse kara, ya nisanta shi da taga da kwanon ayaba. Daga kowane kwali da ya iso kuma, ku ware kara uku ku sa a kwalba a shagonku, ku rubuta ranar da kowanne ya sunkuya. Bayan wata uku littafin nan zai nuna muku wane dillali ne ke kawo muku tsohon kaya, wane fure ne ke jure garinku, da kwana nawa za ku iya yi wa uwar amarya alkawari.

Ku huta lafiya.

Naku a sana'a.