KATIN GAISUWA NA HANNU: SANA'AR DA KE JIRAN SAMARIN WUSE

A wannan mako filin namu zai leƙa Wuse ne, a Babban Birnin Tarayya, don mu tattauna a kan wata 'yar ƙaramar sana'a wadda ba ta bukatar inji ko babban jari, ga ta kuma tana iya rufa wa mutum asiri, ta ɗinke zumunci. Sana'ar kuwa ita ce yin katin gaisuwa da hannu.

Wani zai ce, me ya sa sai Wuse? To, tun da aka kafa Abuja da Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976, aka kuma dawo da gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, Wuse ta zama matattarar baƙi. Hatta 'yan asalin wurin, watau Gbagyi, da yawansu an maishe su Sabon Wuse cikin Jihar Neja. Saboda haka ma'aikacin ofis da ɗan tireda da mai dako a Kasuwar Wuse, kusan kowannensu yana da uwa ko gwaggo ko malami a wani gari mai nisa, wanda ya wajaba ya gaisar, ko da aiki ya hana shi zuwa gida.

A da, in Sallah ta ƙarato, mutum kan shiga kantin littattafai ya zaɓi kati, ya rubuta sunansa, ya manna kan sarki, ya jefa a gidan waya. Masu sauraron Rediyon Kaduna kuwa ba su manta da katin Zaɓi Sonka ba, wanda akan saya da kuɗi don kawai a gai da 'yan'uwa da abokan arziki. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai abin ya fara ja da baya. Yau hoto guda ne wani zai tura wa mutum ɗari biyu, alhali shi ma turo masa aka yi. Ba muna kushe waya ba ne, amfaninta a fili yake. Amma tsohuwar da ke ƙauye ba za ta iya adana wannan gaisuwa cikin adakarta ba, balle ta fito da ita ta nuna wa maƙwabta ta ce ga abin da ɗanta ya aiko.

Shi dai katin Kirsimeti na sayarwa, a Ingila aka fara shi. A 1840 aka mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo guda, sa'an nan a 1843 wani Bature, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti a Landan. An buga guda 1,000, ana sayar da kowanne sule guda. Abin lura a nan shi ne, launin waɗannan katuna da hannu aka shafa shi, ɗaya bayan ɗaya.

Mu kuwa ba baƙi ne a wannan fage ba. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar Alƙur'ani ya san yadda malamanmu ke haɗa ja da kore da ruwan ɗorawa, da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro. Haka nan sitansil, watau takarda mai kauri ko leda ko gwangwani da aka yanke wata siffa a jiki don a riƙa fitar da ita sau da yawa, shi ma mun saba da shi. Da shi masu rubutun allon talla ke sa lamba a jikin motocin haya da ƙofofin shaguna. Da shi kuma marinan Abekuta ke shafa kunun rogo a kan ƙyalle kafin a tsoma shi a baba, ya fito adire. Ashe ke nan kayan aikin suna hannunmu, haɗa su wuri ɗaya ne ya rage.

Ga yadda aikin yake. Da farko a samu farin kwali marar sheƙi, domin mai sheƙi ba ya shan tawada. A zana siffar da ake so a kan leda mai kauri, ko dagi, ko jinjirin wata, ko ƙubbar masallaci, ko irin zanen da magina ke yi a fuskar zaure a Kano da Zariya, a yanke ta da reza. Wajen yankan sai a bar 'yan siraran gadoji masu riƙe tsakiyar siffar, in ba haka ba cikin harafi irin su O da B zai faɗo, a tashi da rami kawai. Sai a ɗora sitansil a kan kwalin, a danne gefensa da salatif don kada ya motsa.

Daga nan sai gaurayar tawada, wadda ita ce gishirin aikin. A ɗan dangwali tawada da soson katifa, a fara gogewa a kan wata takardar banza har ya kusa bushewa, domin jiƙaƙƙen soso shi ke sa tawada ta kurɗa ƙarƙashin sitansil ta ɓata kati. A riƙa murzawa a hankali ana kewayawa, daga gefe zuwa tsakiya. A fara da launi mai haske, a biyo da mai duhu, kowane launi da sosonsa. Inda ruwan ɗorawa ya haɗu da ja sai ruwan goro ya fito, kamar sararin sama da almuru. Inda ya haɗu da shuɗi sai kore ya fito. Amma ja da kore in sun cakuɗe, ruwan ƙasa za su ba ka. A bari ya bushe sarai kafin a yi rubutu.

Akwai gargaɗi guda uku ga mai son shiga sana'ar. Na farko, kada a rubuta ayar Alƙur'ani a kan kati, don ba a san inda zai ƙare ba. Barka da Sallah da addu'ar alheri sun wadatar. Na biyu, a rubuta Hausa daidai, da ƙugiyoyinta, wanda kuma za a aika wa dattijon da ya fi sabawa da ajami, a rubuta masa da ajami. Na uku, kada mai aikin hannu ya ce zai yi gasa da maɗaba'a wajen katin ɗaurin aure guda 500, zai sha kaye. Kasuwarsa tana ga katin da ake so guda ɗaya tak, mai ɗauke da sunan wanda aka yi dominsa: na suna, na sauka, na gaisuwar marar lafiya, na Kirsimeti ga maƙwabcinmu Kirista. In zai yanke farashi kuma, ya lissafa lokacinsa tare da kuɗin kwali da tawada.

Muna kira ga malaman zane na makarantun Abuja da su koya wa yara wannan aiki kafin hutun Sallah, haka nan Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, ta duba yiwuwar sa shi cikin sana'o'in da take koyarwa. Ku kuma samari da 'yan mata da ke zaune kuna jiran takardar ɗaukar aiki, kada ku raina tebur guda da reza da soso, da yayyafi kogi kan cika. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, in ƙafa ta kasa zuwa, ai ya kamata hannu ya wakilce ta.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.