Zaga Duniya: Shaanxi, Lardin Da Tarihinsa Ke Binne A Ƙasa

Yau mun nufi tsakiyar ƙasar Sin, nesa da teku, zuwa lardin Shaanxi, wanda ake furtawa kamar "Shanshi". Ku kula wajen rubutu, domin yana da maƙwabci ta gabas mai suna Shanxi, da "a" guda ɗaya. Rawayan Kogi ne ya raba su.

Lardin dogo ne daga arewa zuwa kudu, kuma mutanensa sun kusa miliyan 40. A kudu akwai duwatsun Qinling, waɗanda ake ɗauka a matsayin iyakar arewaci da kudancin Sin: wannan gefe alkama da taliya, wancan gefe shinkafa. A tsakiya akwai kwarin kogin Wei mai albarkar noma. Arewa kuwa tudu ne na wata irin ƙasa rawaya mai laushi, wadda iska ta yi dubban shekaru tana kwasowa daga hamada tana jibgewa. Mu da muka san ƙurar hunturu ba za mu sha mamaki ba, sai dai a can ƙurar ta taru har kaurinta ya wuce mita 100 a wasu wurare.

Ƙasar tana da sauƙin haƙa, shi ya sa mutane ke fafe gefen tudu su yi ɗaki a ciki, mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu. Har yau akwai masu zama a irinsu. Amma a 1556 da aka yi wata gagarumar girgizar ƙasa, ɗakunan nan ruftawa suka yi da masu su. Littattafan tarihin Sin sun ƙiyasta mamatan da kimanin 830,000.

Babban birnin lardin shi ne Xi'an, wanda a da ake kira Chang'an. Nan ne fadar daulolin Han da Tang, kuma daga nan ayarin fatake ke tashi su bi Hanyar Siliki zuwa ƙasashen Farisa da Larabawa. A zamanin Tang (618 zuwa 907) mutanen birnin sun kai kusan miliyan ɗaya. Fatake Musulmi sun zo sun zauna, kuma har yanzu akwai unguwar Musulmi da babban masallacinta. In kun ga hotonsa za ku ɗauka fadar sarki ce, saboda ginin katako ne mai lanƙwasasshen rufi irin na Sinawa, sai an lura da rubutun Larabci a jikinsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ganuwar birnin. An soma gina ta wajen 1370 da ƙasa da aka daddaɓe, daga baya aka lulluɓe ta da tubali. Kewayenta ya kusa kilomita 14, tsayinta mita 12, samanta kuma yana da faɗin da baƙi ke hayar keke su zagaye gari a kai. An yi mata babban gyara daga 1983, yanzu sai an biya kuɗi ake hawa. Badalar Kano, wadda aka soma zamanin Sarki Gijimasu, ta girme ta da fiye da shekaru 200. Ɗalibanmu na Kano sun fi mu sanin abin da ya rage daga cikinta, da inda ta koma filin gini ko juji.

Gabas da Xi'an kaɗan, a yankin Lintong, wasu manoma na haƙa rijiya a watan Maris na 1974 sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Ashe runduna ce guda ta Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗe Sin wuri ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ƙiyasta sojojin sun kai 8,000, kowane da girman mutum, fuskokinsu daban-daban, ga dawakai ga kekunan yaƙi, an jera su sahu-sahu su yi gadin kabarinsa. Fiye da shekaru 2,000 suna ƙarƙashin gona ba wanda ya sani. A 1987 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Launin ƙasa da kuke gani a hotunansu ba shi ne na asali ba. An yi musu fenti ja da kore da shuɗi, amma da iska ta taɓa su sai fentin ya soma ɓamɓarewa cikin mintuna. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau ba a buɗe kabarin sarkin kansa ba, ana jiran dabarar da za ta kare abin da ke ciki. Masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa an yi koguna na zaiba a cikinsa, kuma da aka auna ƙasar tudun kabarin an tarar da zaiba fiye da yadda aka saba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.