Zauren Iyali: Waƙar da Ake Haɗawa daga Nesa

A wannan fitowa za mu tattauna wani al'amari da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, har iyaye da dama suka rasa inda za su aje shi. Sai ka ga saurayi ya rufe ɗaki bayan isha'i, ya toshe kunnuwa da abin saurare, yana maimaita baiti ɗaya har sau ashirin. In an tambaye shi, ya ce waƙar bege suke haɗawa shi da wani abokinsa na Kano da wani na Kumasi, alhali ko hannu ba su taɓa gaisawa ba. Uba ya yi shiru, domin bai san ko ya hana ba ko ya sa albarka.

Kafin hukunci, ya kamata mu fahimci yadda aikin yake tafiya. Mutum ɗaya ne yake aza harsashi: ya tsayar da karin waƙar da saurinta, wato yawan bugu a cikin minti ɗaya, ya ɗauki muryarsa a matsayin jagora, ya aika wa sauran ta intanet. Kowa a ɗakinsa yana sauraren jagoran a kunne, yana ɗaukar nasa rabon shi kaɗai, wannan amshi, wancan mandiri. Daga nan sai a mayar wa wanda ya iya kwamfuta, ya jera muryoyin bisa juna a manhaja irin su Audacity ko FL Studio ko BandLab, ya daidaita su har mai saurare ya ɗauka a zaure ɗaya aka zauna. Mai tambaya zai ce, me ya hana su kira juna a salula su rera tare? Abin da ya hana shi ne jinkiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ko a fili ne, in ƴan amshi suka yi nisa da mai ba da waƙa sai a ji sun saɓa. Layin waya tsakanin Yamai da Kano yana ƙara jinkirin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Hira tana jure shi, waƙa ba ta jurewa.

Mu kuwa da muka tashi muna jin Ishiriniya a zaurukan malamai, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara baitocin asali na yabon Manzon Allah (SAW), sannan Ibn Mahib ya yi musu tahamisi, ya ɗora layi uku a gaban kowane baiti har ya zama biyar. Abin da muke rerawa a Maulidi aikin mutum biyu ne, kuma mafi yawanmu ba ma iya nuna inda hannun ɗaya ya tsaya na ɗayan ya kama. Haka Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa koya wa jajis waƙoƙinta, su kuma su kai wa ƴan taru a ƙauyukan da ita ba ta taka ba. Sai dai magabatan nan sun kiyaye ladabin aikin: mai tahamisi yana bin ma'ana da ƙafiyar wanda ya riga shi, ba ya karkatar da maganarsa, kuma sunan kowa yana nan a rubuce. Wannan ladabi ne muke tsoron ya salwanta a hannun na'ura.

Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana abin da ɓatan suna yake jawowa. A 2008 Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Suka bazu daga salula zuwa salula ta Bluetooth da ƴan katunan ajiya har cikin Mali, mutane suna saurare ba su san mai su ba. Da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da su a faifai a 2011, sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano masu su ya ba su rabonsu. A lokacin, wasu mawaƙa kan hau mota su tsallaka iyaka don ɗaukar waƙoƙinsu. Bayan zaman gida na annobar korona a 2020, ɗaukar murya a ɗaki da aika ta nesa ya zama ruwan dare a duniya duka, ya kuma iso mana.

Ga matasan da suka riga suka shiga, muna da ƴan shawarwari na sana'a, domin abin da za a yi don yabon Annabi bai dace a yi shi da ganganci ba. Ɗakin siminti marar kaya yana mayar da amo. Ɗakin da ke da katifa da labule da tufafi a rataye ya fi kowane kyau, ko da kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a gidan. A kashe fanka, a jira injin maƙwabta ya yi shiru, a ja baya da baki kamar taƙi ɗaya daga makirufo. Kada a aika aikin a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin manhajar tana matse sautin ta zubar da wani ɓangarensa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. A ajiye shi a tsarin WAV, a aika shi kamar yadda ake aika takarda. Kowa ya fara ɗaukarsa daga farkon jagoran, ko da rabonsa sai a baiti na biyar zai shigo, don mai haɗawa ya jera su ba tare da lalube ba. A kuma rubuta sunan waƙa da na mai murya da ranar ɗauka a jikin fayil ɗin.

Yanzu ga inda damuwarmu take. Muryar da ta bar salularka ta bar hannunka ke nan. Saurayi yana iya rera bege tsantsa, babu ganga babu kiɗa, ya aika da kyakkyawar niyya, bayan mako ya ji muryarsa bisa kiɗan rawa a gidan biki, da bidiyon da bai taɓa gani ba. Mai haɗawa ba lalle mugu ba ne. Yana iya ganin gyara ya yi. Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa a kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, mafi yawansu kuma sun yarda da buga mandiri a bikin aure. Ba mu ne za mu yanke wannan saɓani a shafi ɗaya ba. Amma kowane gida yana da malamin da yake bi, kuma haƙƙin yaronmu ne abokan aikinsa su san iyakarsa tun kafin ya aika baitin farko: da me za a raka muryar, ina za a sa ta, wa zai ji ta kafin ta fita. Abu ɗaya kuwa ba ya karɓar ciniki: ba a ɗora ayar Alƙur'ani bisa kiɗa, ba a kuma lanƙwasa ta da na'urar gyaran murya.

Ita wannan na'ura, da matasa ke kira otocun, tana da wata illar da ba a cika lura da ita ba. Harshenmu na karin sauti ne, hawa da saukar murya da tsawon wasali suna canza ma'ana, Larabci kuma yana da maddansa da haruffan maƙogwaro. In aka tsananta gyara, sai kalma ta fito sumul amma ta tashi daga ma'anarta. A da, mai bege yana rerawa ne a gaban malamai da dattawa, in ya yi kuskuren lafazi ko ya wuce iyaka wajen yabo a gyara masa nan take. Wanda yake ɗaki shi kaɗai ba shi da wannan gata. Saboda haka muna ganin wajibi ne a kai rubutun waƙar gaban malami kafin a ɗauka, a kuma sake kai masa ita bayan an haɗa. Baitin da dubban mutane suka haddace da kuskure yana da wuyar janyewa.

Game da ƴaƴanmu mata, musamman ɗaliban Islamiyya da ake nema don amshi, maganar ta fi nauyi. Yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sauti, su sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Ba ma goyon bayan yarinya ta riƙa musayar saƙonni ita kaɗai da namijin da gida bai sani ba da sunan aikin waƙa. In aikin na makaranta ne, ya bi ta hannun malama ko wa ko uba, lambar babba ce za ta aika kuma ita za ta karɓa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi raba abokai. Ranar da ake farawa kowa yana cewa don Allah ne. Ranar da waƙa ta karɓu, aka fara gayyata da biya, sai a tuna wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya kwana yana haɗawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma hikimarta ta shafi duk wata hulɗar da mantuwa ko son zuciya za su iya shiga. Takarda ɗaya ta isa: sunayen masu aikin, rabon kowa, da sharaɗin cewa ba za a saki waƙar ba sai kowa ya ji ya amince. In sadaka ce aka yi niyya, ita ma a rubuta, don kada wani ya sayar da abin da ƴan'uwansa suka bayar kyauta. Wanda yake son ya yi rajistar aikinsa, a Nijar akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Burkina Faso akwai BBDA, a Gana kuma GHAMRO. Tunda masu aikin suna ƙasashe daban-daban, kowa ya riƙe kwafinsa, uba ko wa ya sa hannu a matsayin shaida, a ɗauki hoton takardar a aika wa sauran kafin a kunna makirufo.