Numfashi Yana Ba Da Labarin Jiki

 Maganata yau a kan numfashi ce, da ciwon sukari, wanda ba na masu kuɗin birni kaɗai ba ne.

Iskar da muke fitarwa ba banza take fita ba. A 1971 wani masani a Amurka, Linus Pauling, ya auna ta, ya sami abubuwa fiye da 200 a ciki. Mutum in ya wuni yana huɗa, jikinsa yakan ƙone abinci da kitse. Masana sun lissafta a 2014 cewa in kilo 10 na kitse ya narke, kilo 8.4 ta huhu yake fita, saura ya zama ruwa. Ashe aikin da muke ɗora wa gumi, yawancinsa na huhu ne.

In jiki ya koma ƙona kitse, wani abu da ake kira asiton yakan ƙaru cikin numfashi. A Turai da Amurka ana sayar da 'yan na'urori da ake hurawa don auna shi. Likitoci kuma sukan gwada numfashi su tabbatar ko maganin gyambon ciki ya kashe ƙwayar cutar. Abin sha'awa ne, amma ni a ganina kada mu zauna jiran na'ura. Allah ya ba mu hanci.

Mai ciwon sukari in ya bar allurar insulin, ko zazzaɓi ya kama shi, asiton yakan yi yawa har bakinsa ya yi wari kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Yana numfashi da zurfi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga amai. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuwa na jira har ranar kasuwa ba. A yi masa addu'a a kan hanya, a kai shi babban asibitin Kankia ran nan.

Akwai kuma haɗarin da hanci ba ya ji. Aiki mai wuya yakan sauke sukarin jini, magani ma haka. Wanda ya yi allura ko ya sha ƙwaya mai ƙarfi ya tafi gona bai karya kumallo ba, yana iya rawar jiki, ya yi gumi, ya faɗi. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take. Gwajin jini ne ke nuna wannan.

Don haka nake roƙon kowace ƙungiya, in an sayar da amfanin bana, ta ware kuɗin na'urar gwajin sukari da takardunta. Wanda ya yi karatu a makarantar kiwon lafiya ta Kankia ya koya wa mutum biyu aiki da ita, ɗaya daga zumuntar mata.